Hodar Jaririya a Kan Furen Dutse

Akwai kunyar da mutum yake mantawa da ita idan aka kwana biyu, akwai kuma wadda take biyo shi har cikin sallah. Tawa irin ta biyun ce. Ba na jin zan taɓa mantawa da abin da na yi wa furannin Abla Nafisa, yayar matata, ko da yake ta ce ta yafe (da bakinta ta faɗa, amma har yau idan na shiga gidansu sai ta ja ƙofar ɗakin furanninta ta zare makulli).

Ni mutumin Damagaram ne, karatuna bai wuce allo da firamare ba. A nan Jidda ina aiki a wani shagon furanni a unguwar Bani Malik. Aikin ba wani babba ba ne: in ba shuka ruwa, in goge ganye da tsumma, in fesa masa maganin ƙyalli, in ɗauka in kai ɗakin biki. A wurinmu ganye mai kyau shi ne wanda za ka leƙa ka ga fuskarka a jikinsa. Amma ranar da na je neman auren Maryam a Aziziyya, da Baba, mahaifinta, ya tambaye ni sana'ata, sai bakina ya riga hankalina, na ce, "Harkar tsirrai nake yi, Baba." Tun daga ranar duk baƙon da ya zo gidan sai Baba ya nuna ni ya ce, "Ga muhandis ɗinmu, injiniyan shuke-shuke." Ban taɓa gyara masa ba. Allah ya yafe mini, daɗi nake ji.

Mai ilmin tsirrai ta gaskiya a gidan Abla Nafisa ce. Digiri na biyu take yi a jami'a, a kan wani ɗan fure mai ruwan ɗorawa da a littafi ake ce wa firimula. Ba a ganinsa a kasuwa, ba ya fitowa a ƙasa mai zafi irin ta Jidda. Can a duwatsun kudu yake, wajen Abha, a jikin dutse mai inuwa inda ruwa ke tsatsafowa, kuma ko a can ɗin sai an wahala ake samunsa. Da izinin hukuma ta samo 'yan irinsa ta shuka. Waɗanda ta ajiye a makaranta duk sun mutu lokacin da na'urar sanyaya ɗakinsu ta lalace a tsakiyar zafi. Tukunya uku kawai suka rage mata a duniya, a wani ɗan ɗaki a gidan Baba, mukayyif na hura musu sanyi dare da rana kamar 'ya'yan sarauta.

Sai bikin wata 'yar'uwarsu ya taso a Madina, gidan duka za su tafi. Maryam tana jego a ɗakinmu na Hindawiyya da jaririyarmu Amira, ni kuma aiki ya riƙe ni. Abla ta rasa wanda za ta bar wa shukarta. Baba ya ce, "Ke kuwa, ga muhandis a gida kina neman wani?" Ta dube ni, ta dubi makullin, ta miƙo mini kamar mai ba da ɗanta riƙo.

Suna kan hanya ta turo mini saƙon murya. To, ni ina da wani mugun hali: idan na ga saƙon murya ya yi tsawo, farkonsa kawai nake ji. Na danna. "Salamu alaikum ya Abu Amira, kef halak, ya mai jego? Don Allah mukayyif ɗin nan kar a kashe shi, ruwa kuma a faranti za ka zuba, ƙarƙashin tukunyar…" Na ce a raina, yau ni za a koya wa ba shuka ruwa? Na kashe, na rubuta mata, "Halas Abla, na gane."

Washegari da na tashi daga aiki na je na buɗe ɗakin. Ina kunna fitila gabana ya faɗi. Ganyayen nan duk sun yi fari fat, kamar an barbaɗa musu gari, har karan furen. A shagonmu mun san wannan: cuta ce, idan ta kama shuka ɗaya sai ta bi sauran. Na tsaya ina girgiza kai, har tausayin Abla ya kama ni. Na ce Allah sarki 'yar boko, tana ta karanta littattafai, cuta na cinye mata shuka a gaban idonta ba ta sani ba.

Na naɗe hannun riga. Na samo ruwan sabulu da auduga, na bi ganyayen nan ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa. Inda farin ya maƙale a lungu na sa tsohon buroshin haƙori. Da na gama na ciro kwalbar maganin ƙyalli da na zo da ita daga shago na feshe su. Wallahi sai ka ce na roba, kore shar, suna ɗaukar ido. Na ja da baya ina kallon aikina, ina jin kaina kamar likitan da ya ceto rai. Har hoto na ɗauka zan tura mata, sai na ce a'a, bari ta dawo ta gani da idonta.

Ranar da za su dawo saura kwana ɗaya, ina cikin motar shago a cunkoso, zaman banza ya sa na danna saƙon nan ya ci gaba daga inda na tsayar da shi.

"…kuma abu mafi muhimmanci, ya Abu Amira, Allah yakhallik, kar ka bari ko ɗigon ruwa ya taɓa ganyen. Za ka ga wani farin gari a jikinsu. Ba datti ba ne, ba cuta ba ce, shukar ce da kanta take fitar da shi. Wannan garin shi ne karatuna gaba ɗaya, shi nake aunawa. Ranar Asabar Daktora mai duba aikina za ta zo gida ta ɗebi ganyen, don ba a iya fita da su cikin zafin nan. Ko numfashi kar ka yi musu da ƙarfi."

Direbanmu ya juyo ya ce, "Lafiya? Mutuwa aka yi?" Na ce, "Tukuna dai."

Mutumin kirki a nan zai ɗauki waya ya faɗi gaskiya. Na ɗauki wayar kuwa, har na nemo sunanta. Sai na tuna da fuskar Baba yana cewa muhandis, na mayar da ita aljihu. Abinci ya ƙi shiga. Na yi alwala na manta ko na wanke fuska. Maryam ta tambaye ni me ke damuna, na ce ciki ne.

Sai shaiɗan ya zo mini da shawara, ni kuma na ba shi kujera. Na ce, ai farin gari ne ya tafi, farin gari za a mayar.

Da garin fulawa na fara. Na shiga kicin ɗin surukata na ɗebo, na sa a rariya na barbaɗa. Da farko ya yi kama, har na fara hamdala. Amma ɗakin akwai laima, ga maiƙon maganin da na fesa. Kafin in je masallaci in dawo, garin ya dunƙule ya zama kamar ƙullin fanke. Na sake wanke ganyayen nan a karo na biyu, ina ba su haƙuri da baki kamar suna ji.

Na koma gida na zauna na rafka tagumi. Idona ya sauka a kan hodar Amira a gefen gado. Laushi, fari, ba ta dunƙulewa. Na jira Maryam ta shiga wanka na sa ta a aljihu na fice. Na koma gidan Baba, na zuba ta a cikin safa mai tsabta, na riƙa kaɗawa a hankali a saman tukwanen. Kai, ta zauna ɗas! Ni da na san abin da na aikata ma sai da na kusa yarda. Matsala ɗaya ce: ƙamshi. Amma hancina ya saba da shi a gida, ban ji komai ba.

Da dare Maryam ta birkice ɗaki. "Ina hodar yarinyar nan? Nan na ajiye ta." Na ce, "Ki duba ƙarƙashin gado." Har da taya ta dubawa.

Sun dawo a gajiye, Abla ta leƙa ɗakin daga bakin ƙofa, ta ga fari, ta ga mukayyif na aiki, ta turo mini, "Allah yijzak khair." Wannan addu'ar ta fi zagi yi mini ciwo.

Ranar Asabar Baba ya kira ni, wai lallai in zo, a gabatar da ni ga Daktora. Na ce akwai aiki. Ya ce, "Yalla, ka taho da mai jego ma, a ga jaririya." Haka muka je, ni a gaba kamar ragon layya, Maryam a baya da Amira a kafaɗa.

Daktora dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta shiga ɗakin da Abla, mu kuma muna tsaye a bakin ƙofa. Baba ya dafa kafaɗata ya ce mata da Larabci, "Wannan surukina ne, muhandis. Shi ya kula da su da ba ma nan." Ta ce masha Allah. Ni kuwa gumi yana bin bayana, a ɗakin da sanyinsa ke sa mutum atishawa.

Ta sa safar hannu, ta sunkuya, ta ɗaga ganye ɗaya. Sai ta tsaya. Ta shaƙi iska. Ta sake shaƙa. Ta ɗan kaɗa ganyen da yatsa, wani farin hayaƙi ya tashi, ƙarƙashinsa kuma ga kore yana ƙyalli kamar sabon takalmi.

Ta ce, "Nafisa, shekara da shekaru ina hawa dutse ina bin furen nan. Ban taɓa jin yana ƙamshin jarirai ba."

Abla ta matso. Ta shafa ganyen, ta kai yatsa hanci. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi. Ta juyo a hankali ta dube ni, idonta ya ciko. A daidai lokacin ne Maryam, baiwar Allah, ta leƙo ta kafaɗar Baba, ta buɗe hanci, ta ce da ƙarfi da Hausa:

"Lah! Ashe nan hodar Amira ta zo!"

Na so ƙasa ta tsage. Da ta ƙi tsagewa, sai na buɗe baki na zayyana komai: sabulu, buroshin haƙori, maganin ƙyalli, fulawa, safa. Da na zo kan fulawa surukata ta ce daga kicin, "Shi ya sa na ga rariyata a jiƙe!" Daktora ta nemi a fassara mata, Baba ya fassara tiryan-tiryan bai rage komai ba. Ta cire tabarau ta goge ido, ban sani ba ko dariya ce ko takaici.

Abla abu ɗaya ta tambaye ni: "Ka ji saƙona?"

Na ce, "Na ji… farkonsa."

Ba wasa na yi mata ba. Tukunya ɗaya ta ruɓe ta mutu, ruwan sabulu ya kwanta mata a tsakiya. Biyu Allah ya raya su, amma ganyen da na wanke ba su ƙara yin gari ba, sai da aka jira sababbi suka fito. Zangon karatu guda ta rasa saboda ni, ƙawayenta suka gama suka bar ta. Wannan shi ne abin da har yanzu nake neman gafara a kansa, sauran duk abin dariya ne.

A yammacin ranar na sami Baba shi kaɗai, na durƙusa na ce, "Baba, ni fa ba muhandis ba ne. Goge ganye nake yi." Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Na sani, ɗana. Kafin in ba ka 'yata sai da na je shagonku, na gan ka da tsumma a kafaɗa. Na dai ɗauka mai ba shuka ruwa kullum zai iya zuba ruwa a faranti."

Hukuncin da Abla ta yanke mini shi ne in tuƙa su, ita da Baba, zuwa kudu lokacin da furen ke buɗewa. Muka hau hanyar dutse mai lanƙwasa har kunnena ya toshe, muka ajiye mota muka taka cikin hazo. A wani lungu mai sanyi, inda ruwa ke ɗiga daga jikin dutse, na gan su: 'yan tsiraru, maƙale a tsaga, furanni rawaya hawa-hawa a kan kara, ganyensu fari fat da garin da Allah ya barbaɗa musu da kansa. Babu mai goge su, kuma ban taɓa ganin abu mai tsabta kamarsu ba. Na matsa zan duba da kyau, sai na ji muryar Baba a bayana: "Muhandis, hannu a aljihu!"

A aljihun suka zauna har muka sauko.

Yanzu a gidan surukaina ba mai ce mini Abu Amira, sai Abu Hoda, kuma ina amsawa. Idan na ga abu ban gane shi ba, na daina cewa datti ne, tambaya nake yi. Saƙon murya kuwa, ko na tallan katifa ne, sai na ji shi har inda mai maganar ya yi sallama.