Furen Hafsatu a Gaɓar Magudana

Tsufa ya shafe mini abubuwa da dama, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe a taron manoma ina neman a hukunta mai laifi ba.

Tun da na yi ritaya daga koyarwa nake riƙe da muƙamin sakataren ƙungiyar masu noman rani a ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure. Ni na kawo dokar da ta hana shuka komai a gaɓar magudanar ruwa, domin saiwa tana farfasa siminti. Ni kuma na fara zartar da ita: da hannuna na tuge kuɓewar Malam Tanko, maƙwabcin gonata, yana roƙona in bari ta yi 'ya'ya. Na ce masa doka ba ta san maƙwabci ba (a lokacin maganar ta yi mini daɗi a baki ƙwarai).

Daga baya 'yata Hafsatu, wadda take aikin jinya a Legas, ta aiko mini da irin wani fure da ake shukawa a yashin bakin teku. Ƙarami ne, ruwan ɗorawa, tsakiyarsa baƙi, yana yaɗo a ƙasa. Ta ce ba ya son taki ko yawan ruwa, yashi da rana kawai, kuma tana so ta gan shi idan ta zo Sallah. Na yi mata alkawari.

Gonata laka ce ta shinkafa, kullum a jiƙe. Na gwada, ya ruɓe. Wuri ɗaya ne mai yashi: tulin da ake zubarwa a gaɓa idan an yashe magudana. Can na zuba ragowar irin. Ban ga wani saɓani ba, domin a wurina fure ado ne, ba shuka ba (fatawar da ban nemi ra'ayin kowa a kanta ba). Ya kuwa yi kyau, har masu wucewa a babur suna rage gudu.

Ranar aikin gayyar share magudana na tafi Kano tantance 'yan fansho. Da na dawo, gaɓa fes, ko ganye babu.

A taro na gaba na nemi izinin magana. Na yi bayani a kan amana, da haƙƙin maƙwabtaka, da lalacewar tarbiyya. Na buƙaci wanda ya yi ɓarnar ya miƙe da kansa. Shugabanmu, Alhaji Sule, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Sakatare, a ina aka yi wannan ɓarna?"

Na ce, "A gaɓar magudana, daura da gonata!"

Sai da maganar ta fita na ji ta da kunnena. Can daga baya wani ya ɗaga murya, da irin lafazina sak: "Doka ba ta san maƙwabci ba!"

Dariya ta ɓarke, har Alhaji Sule yana share hawaye da bakin riga. Na cire tabarau ina gogewa, duk da cewa babu abin da ya same shi.

Sai Malam Tanko ya yi gyaran murya. Na ce a raina, shi ke nan, ranar ramuwar kuɓewa ta zo.

Ya ce, "Malam, zauna, ba ka yi asara ba. Kafin 'yan gayya su iso na haƙe furannin da saiwarsu, na dasa a yashin gini da ke bayan gidana. Hafsatu a gabana ta girma. Yaya za ta zo Sallah ta tarar da wayam?" Sannan ya ƙara da cewa, "Amma fa ban ba su taki ba, kada ka rubuta ni a cikin masu laifi."

Da Sallah, a bayan gidan Malam Tanko Hafsatu ta ga furenta, ya rufe yashin baki ɗaya. Ta tambayi dalilin da ya sa yake can. Na ce labarin yana da tsawo. Malam Tanko ya ce sam ba shi da tsawo, ya ba ta shi duka.

Dokar tana nan, kuma har yanzu ina ganin daidai ce. Sai dai yanzu kafin in tuge shukar kowa nakan tambayi inda za a mayar da ita. Akwai kuma kunyoyi biyu na kuɓewa a gefen gonata waɗanda ba nawa ba ne, na Malam Tanko ne. Doka dai ba ta san maƙwabci ba, amma na gode wa Allah da maƙwabcin ya san ni.