Kunnen Zinariya da Faifai na Uku

Duk layin nan, kai har da layin da ke bayansa, babu mai kunne irin na Kunnen Zinariya. Sauran mutane an ba su kunnuwa ne don su ji sallama, su kauce wa mota, su rataya tabarau. Shi nasa na musamman ne, ba a yi su don ƙananan abubuwa irin kukan jariri ko kiran mata daga kicin ba. Sunan ma ba wani ya raɗa masa ba. Ya jira shekaru a lura, da ya ga mutane sun yi nawa sai ya taimaka musu ya raɗa wa kansa.

Da rana mataimakin shugaban sashen ajiye fayil ne a wani kamfanin inshora, shekara ashirin da biyu yana mataimaki. Amma wannan aikin wucin gadi ne, in ji shi. Aikinsa na gaskiya yana farawa ne idan ya dawo gida, ya cire takalmi, ya wanke hannu har gwiwa kamar likitan tiyata, ya shiga ɗakin da ya sa wa suna Ɗakin Saurare. Kafin zuwan wayewa ɗakin baƙi ne. Yanzu baƙo tabarma ake shimfiɗa masa a falo, domin garmaho da lasifika biyu da kujera ɗaya sun fi shi buƙatar gado.

Kuma ba kowane kiɗa yake ji ba, Allah ya kiyaye. Rok yake ji, kiɗan nan na Turawa mai jita da ganga. Rok ɗin ma ba irin wanda samari ke tsalle a kai ba, wani ne na gefe, wanda idan mutum goma suka so shi to ya lalace. A cikin na gefen ma mutum ɗaya ya ware, wani dogon mawaƙi mai jita, wanda shi ke rubuta waƙoƙinsa da kansa. Da can suna su huɗu a ƙungiya, sai ya bar su ya fitar da fayafayai uku shi kaɗai. Waƙoƙin ƙungiya, in ji Kunnen Zinariya, na 'yan kasuwa ne. Fayafayai ukun nan su ne makaranta.

Matarsa tela ce, tana ɗinki a baranda. Ita ce ɗaliba, ita ce ajin gaba ɗaya. Duk Asabar, ranar da ɗinki ya fi yi mata yawa, sai ya kira ta ta zauna a bakin ƙofar Ɗakin Saurare, don kujera ɗaya ce, ya yi mata lacca ta awa biyu.

"Maman yara, buɗe kunnenki. Faifai na farko fushi ne. Na biyu nadama. Na uku kuwa," sai ya rufe ido ya dafa ƙirji, "na uku kabari ne. A nan mutumin ya daina waƙa ya fara gaskiya. Ji yadda muryar ta faɗa rijiya. Ji yadda ganga ke jan ƙafa kamar mai dawowa daga jana'iza. Mutum nawa a ƙasar nan za su gane wannan? Ni, sai wataƙila wani da ba a haifa ba."

Ita dai abin da take ji shi ne wani bijimin sa yana kuka a cikin tanki. Waƙa ɗaya sai ta ishe ta yanka riga har ta haɗa kafaɗa.

Wata safiya yana ofis ta shiga share ɗakin, abin da aka hana ta, amma ƙura ba ta san doka ba. Faifai na uku yana kan garmaho. Idon tela ba ya wuce lamba, ko a jikin allura ko a jikin zare. A tsakiyar faifan, da ƙananan baƙaƙe, ta ga an rubuta 45. Ta dubi garmahon ta ga ɗan maɓallin saita gudu mai lamba biyu, 33 da 45, yana zaune daram a kan 33. Ta ɗauko na farko da na biyu, ta ga su 33 aka rubuta musu. Ko keken ɗinki, ta ce a ranta, kowane yadi da gudun da yake so. Ta tura maɓallin, ta ɗora allura.

Jama'a, sai ga waƙa! Murya tas, ta saurayi mai jini a jika. Jita tana dariya, ganga tana gudu. Ashe bawan Allah murna yake yi ya rabu da abokan rigima. Ba ta san lokacin da ta fara juyi da tsintsiya ba. Shekara biyu ke nan maigidan yana zubar da hawaye a kan waƙar rawa, don kawai bai tura maɓalli ba. Yaya za a yi ya sani? Ba ya jin waƙa a waya, wai waya ta jahilai ce. Ba ya karanta jikin faifai, wai mai kunne ba ya buƙatar takarda.

Daga ranar, da ya fita sai ta tura maɓalli ta bar ƙofa a buɗe, keke yana tafiya da kiɗa. Kafin ya dawo ta mayar da kabari inda ta same shi. Ba ta ɓoye masa don mugunta ba. Sau uku tana ɗauko maganar.

"Baban yara, wannan lambar da ke tsakiyar faifan…"

"Lamba! Ana maganar ruhi kina maganar lamba. Wannan ba awon ƙugu ba ne."

Ta koma kan kekenta.

Sai ga babban labari. Wani gidan rediyo yana neman wanda zai riƙa yin rabin awa duk Asabar a kan waƙoƙin da ba a cika ji ba. Kunnen Zinariya ya aika musu wasiƙa shafi tara, takwas a kan kansa. Suka ce za su turo mai shirya shirin ranar Lahadi da yamma ta saurare shi, idan ya yi, kujera tasa ce.

Tun da suka yi aure matar ba ta taɓa yi masa addu'a da zuciya ɗaya irin ta wannan makon ba. Idan ya samu, duk Asabar zai tafi ya yi wa ƙasa baki ɗaya lacca, ƙasa kuwa tana da wurin kashewa a jikin rediyo. Ita za ta samu Asabar ɗinta. Don haka ta wanke masa kwat, ta goge, ta canza maɓallan hannu. Da ya shiga wanka ranar Lahadi, ta lallaɓa ta tura ɗan maɓallin zuwa 45. Tunaninta mai sauƙi ne: idan waƙar ta fito daidai a gaban baƙuwa, ko ba shi da komai ai yana da wayon da zai yi shiru ya bi ta. Kun ji inda ta yi kuskure. Shekara ashirin da aure, har yanzu tana kyautata masa zato.

Ya gayyato shaidu biyu, mai kemis na bakin titi da tsohon hedimasta, mutanen da suka daɗe da gano cewa Ɗakin Saurare yana da fanka mai kyau kuma ba a tambayar wanda ya rufe ido ko barci yake. Aka shigo da kujerun falo. Mai shirin ta iso, wata matashiya mai fara'a da 'yar na'urar ɗaukar murya a jaka. Matar ta kawo shayi da biskit ta tsaya a bakin ƙofa da tire.

Ya miƙe ya gyara kwat.

"'Yata, kafin ki kunna na'urarki, ki sani ba hira kika zo yi ba, karatu kika zo ɗauka. Mutane suna jin waƙa. Ni waƙa ce take jina. Wannan mawaƙi, da shi da ni ba mu taɓa haɗuwa ba, amma na fi matarsa saninsa."

"To, Yallaɓai," in ji ta, tana danne murmushi.

Ya yi minti ashirin a kan fushi, ashirin a kan nadama. Hedimasta ya riga ya yi nisa a barci. Mai kemis yana ƙirga biskit da ido. Sannan ya ɗauko faifai na uku da yatsu biyu kamar ƙwan da ya fashe.

"Yanzu ku shirya zukatanku. Wanda yake da hawan jini ya fita. Za mu shiga kabari."

Ya ɗora allura ya rufe ido.

Jita ta fashe da dariya. Ganga ta zabura. Hedimasta ya farka yana tambaya ko an tashi ne. Fuskar mai shirin ta washe, ta fara kaɗa kai, har da ɗan tafi a cinya.

"Kai, ina son wannan! Ita muke sawa da safe idan…"

"Innalillahi!" Kunnen Zinariya ya daka tsalle. "Wa ya taɓa min garmaho? Wa ya mayar min da mutum ɗan tsako?"

Daga bakin ƙofa matar tana yi masa ido, tana girgiza kai, har cokula suna ƙara a kan tire. Ina! Ya duƙa ya leƙa, ya ga maɓalli, ya juyo ya dube ta irin duban da ake yi wa wanda ya zuba gishiri a shayi.

"Kin gani ko, 'yata? Abin da nake fama da shi ke nan a gidan nan. Wani da ba shi da kunne sai ya zauna ya ji wannan shirme bai san an yi ɓarna ba. Ni daƙiƙa biyu ta ishe ni."

Da hannunsa mai albarka, a gaban shaidu, na'ura tana ɗauka, ya mayar da maɓallin kan 33. Saurayi ya tsufa nan take. Bijimin nan ya koma cikin tankinsa ya ci gaba da kuka. Kunnen Zinariya ya zauna, ya dafa ƙirji, har wani ɗan hawaye ya taru masa.

"Yauwa. Ga mutumin. Ji ciwo."

Mai shirin ta saurara na ɗan lokaci, bakinta a buɗe. Ta dubi matar, matar ta dubi silin.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri, ko zan ga faifan?" Ta nuna tsakiyarsa da farce, ba ta ma taɓa ba. "Ai 45 aka rubuta. Yadda ta fara fitowa ɗazu shi ne daidai. Haka ya rera ta."

Bijimin dai yana ta nishi. Mai kemis, wanda aikinsa ke nan karanta ƙananan rubutu, ya sa tabarau ya leƙa.

"Wallahi arba'in da biyar ne, Kunne. Ka shekara biyu kana ba mu rabin awo."

Wani mutum da sai ya yi dariya, a yi dariya tare, wataƙila ma ya samu aikin don ya iya ɗaukar abin. Amma wannan Kunnen Zinariya ne. Ya miƙe a hankali, ya ɓalla maɓallin kwat.

"Na san da lambar. Na daɗe da saninta. Mawaƙin ne ya yi gaggawa. Yaro ne a lokacin, bai san abin da ya rubuta ba. Ni na gyara masa."

Mai shirin ta kashe na'urarta a hankali, ta shanye shayinta, ta yi godiya sosai, ta ce za su kira. A baranda ta tsaya ta duba wata riga da ke rataye, ta tambayi matar ko tana karɓar ɗinki. Abin da gidan ya samu a ranar ke nan.

Ba su kira ba. Ya ce dama ya sani, ƙasar ba ta kai ba tukuna, kuma rediyo ta zama ta 'yan rawa.

Asabar ta zagayo. Ɗinki ya taru a baranda har kan kujera. Ya wanke hannu har gwiwa, ya leƙo.

"Maman yara, zo ki zauna. Yau zan bayyana miki dalilin da ya sa mawaƙi ba ya fahimtar waƙarsa."

Ta cire ƙafa daga kan keke, ta zo ta tsaya a gabansa. Ta kama kafaɗarsa ta juya shi, ta duba bayan wuyansa, ta ɗaga kwalar riga, ta leƙa bayan kunnen zinariyar na dama da na hagu.

"Lafiya? Me kike nema?"

"Maɓallinka nake nema, Baban yara," in ji ta. "In tura ka arba'in da biyar ka gama da wuri, ina da riguna shida."