Zagin Haya a Ƙofar Mai'unguwa

Wani mutum ne a Malumfashi, Malam Hambali, da ya yi aikin masinja a wata masaƙa a Kaduna. Da masaƙar ta mutu ya dawo gida da jakar hannu, da tabarau, da Turancin da ya tsinto a bakin ƙofofin ofis. Cika baki kuwa sai dai a bar masa. Ga zuciya a kusa. Kazar maƙwabci ta taɓa shiga zaurensa, sai da ya bi ta da muciya har bakin kasuwa.

Ana nan sai Mai'unguwa Tanimu ya ce za a kafa kwamitin sulhu, mai raba rigimar kwata da ta awakin da ke ɓarna. Shugaba za a ba shi kujera mai hannu a ƙofar gidan Mai'unguwa, kuma duk suna ko ɗaurin aure shi ne a gaba. Sharaɗi ɗaya ne, a samu mai haƙuri. Hambali ya ji kujerar nan har cikin ransa. Abokin takararsa Sallau tela ne, wanda ko allura ta soke shi sai dai ya ce madalla.

Hambali ya shiga yaƙin neman zaɓe a teburin mai shayi. Ya ce haƙurin Sallau na gargajiya ne, nasa kuwa har suna gare shi a Turance.

"Akseftin," in ji shi, yana ɗaga yatsa. "Shi ne mutum mai karɓar jama'a yadda Allah ya yi su. Ka zo da kirki ya karɓa, ka zo da tsiya ya karɓa."

Ya ce kalmar ma ba ta Ingilishi ba ce tun asali, aro suka yi daga harshen Latin, inda take nufin ka ɗauki abu ka jawo shi jikinka. Ya gargaɗe su kada su haɗa ta da akseftabul, don wannan ta kaya ce, kamar buhun masara in ya yi daidai a karɓa. Mai shayi ya tambaya ko ita ce aka yi wa kazar nan. Hambali ya watsa masa harara, ya tuna yana takara, ya maida ta murmushi da ƙyar.

Nan ya gane baki kaɗai ba zai saya masa kujera ba. Sai an gani da ido. Ya hau mashin ya nufi tashar mota, wajen wani ɗan kamasho da ake kira Ilu Barkono, wanda in ya buɗe baki direbobi kan ɗaga gilashi. Mutanen unguwar ba su san shi ba, abin da Hambali ke so ke nan. Ya ja shi wurin mai tsire, ya zube masa nama har Ilu ya kwance mazagi. Suka shirya: ranar taron zaɓen shugaba bayan la'asar Ilu zai zo wucewa, ya bangaje Hambali, ya zage shi a gaban dattawa. Amma zagin da iyaka. Hula da takalmi kawai.

Ilu ya lashe ƙuli a yatsa ya ce an gama.

Ranar taro ƙofar Mai'unguwa ta cika. Ga kujerar an ajiye ta a tsakiya, an goge ta tana sheƙi. Hambali ya sha babbar riga, ya miƙe yana jawabi, ya sake jawo Latin tun daga tushe. Dattawa suna gyangyaɗi. Sai ga Ilu kamar an jefo shi, ya ba shi kafaɗa, gwaf!

"Kai tsoho, ba ka gani ne? Dubi hula kamar murfin tukunyar da aka zauna a kai."

Kowa na jiran ƙura ta tashi. Hambali ya dafa ƙirji, ya ce, "Allah ya shirye ka, ɗana." Ilu ya koma kan takalmi, ya ce bakinsu a buɗe kamar suna roƙon abinci. Hambali ya ce ya gode da tunatarwa. Mai'unguwa ya dubi liman, liman ya gyaɗa kai. Har Sallau tela ya ce lallai mutum yakan canza. Hambali ya ji daɗi ya kama shi, ya saci kallon kujera, a ransa har ya zauna ya harɗe.

A nan ya kamata Ilu ya kama gabansa. To amma wani ya kyalkyale da dariya a baya, kuma ɗan kamasho in ya ji dariya, kamar an zuba wa wuta fetur ne. Ya gyara tsayuwa. Ya sauko kan tabarau, ya ce na gado ne, ido ɗaya na kallon gabas ɗaya yamma. Hambali ya yi masa ƙifce. Ilu ya ɗauka ƙarfafa gwiwa ce. Ya hau kan tumbi, ya gangara kan tafiya, ya ce kamar agwagwa mai ciwon baya. Hambali ya yi gyaran murya, ehem, ehem. Gumi ya keto masa, murmushin ya bushe a fuska kamar na kan akuya a kasko. Ya daure dai, don kujera na kallonsa.

Sai Ilu ya ce, "Kuma na ji ka daga nesa kana wani gwaranci. Wannan Turanci ne ko tari? Ai ko akun gidan Bature ya fi ka."

Shi ke nan. Duk duniya ba abin da Hambali ya mallaka kamar Turancin nan. Ya yi wurgi da tabarau, ya cakumi wuyan Ilu, caraf!

"Ɗan banza maci amana! Hula da takalmi muka yi da kai! Wa ya ce ka taɓa mini Turanci? Tsiren da na cika maka ciki da shi, na wannan ne?"

Wuri ya yi shiru, har ana jin tuƙar akuya. Hambali ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya so ya haɗiye, ina, magana ta riga ta fita.

Ilu, wuya a shaƙe, ya ce, "Malam, tsiren ne ya yi yawa. Na ga hula da takalmi ba za su biya ba, shi ne na ƙara maka gyara."

Dariya ta ɓarke. Liman ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na rawa. Mai'unguwa ya share hawaye, ya kama hannun Sallau tela ya zaunar da shi a kujera, ya ce tunda Allah ya kawo aiki har gida, a fara yanzu. Aka ɓamɓare yatsun Hambali daga wuyan Ilu, aka shimfiɗa musu tabarma a ƙasa.

Sallau ya saurari kowa a natse, sannan ya yanke hukunci. Ya ce Ilu leburan zagi ne, an ɗauke shi aiki ya yi, har ya wuce abin da aka nema, sai aka saka masa da shaƙa. Don haka Malam Hambali ya ba shi haƙuri a gaban jama'a.

Hambali ya buɗe baki zai fara. Sallau ya ɗaga hannu.

"Da Hausa, Malam. Don ya karɓu."