Rasuwar Uwar Gulma, Na'urar Awon Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Mamman na Ƙofar Kuyambana, mai duba tsabtar rijiyoyin unguwa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar aikinsa, na'urar awon farar wuta a cikin ruwa, wadda yara ke kira Uwar Gulma.

Marigayiyar ba ta da yawan magana, halinsu ɗaya da mai gidanta. A tsoma mata baki a guga, in ruwan lafiya lau ne ta yi shiru. In kuwa akwai sinadarin nan mai sa ruwa warin ruɓaɓɓen ƙwai, sai ta ce tii-tii, ta nuna lamba, ko rijiyar gidan wa ce. Malam Mamman, da ya shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemu, a fuskarta ya saba da lambobi, kuma ba ta taɓa yi masa dariya ba. A duk unguwar ita kaɗai ce ba ta da suruki.

A makon jiya aka kai ta rijiyar unguwa, wadda kwatar majema ke bi ta gefenta, ta yi kukan da ba a taɓa ji ba. Mai unguwa ya sa ranar Alhamis za a zauna da majema a kan ko su gyara kwatarsu ko a rufe rijiyar, kuma marigayiyar ce shaida.

Ba ta yi doguwar jinya ba. Uwargidan Malam Mamman, Lami, ta ga ta dawo daga aiki tana wari, ta tausaya mata, ta jiƙa ta a ruwan zafi da sabulu, ta dirje mata baki da soso, sannan ta kifa mata kwando a kan kaskon turaren wuta. Da Malam ya dawo ya danna, sai ta ce ƙit, shi ke nan. Ta cika tana ƙamshi. Iyalai ba sa zargin kowa. Kasancewar Lami 'yar Sarkin Majema ce, wannan haɗuwar zumunci ce kawai.

Ta rasu ta bar batura biyu, da jaka mai yagaggen zif, da Malam Mamman, wanda yanzu dole ya tsaya gaban jama'a da hancinsa kaɗai, ya faɗi abin da surukinsa ba ya son ji.

Za a rufe ta a kwalinta na asali ranar Alhamis da hantsi. Zaman makoki a bakin rijiyar za a yi, kafin zaman mai unguwa. Ba za a dafa komai ba, amma za a ɗebo wa kowane mai ta'aziyya moɗa guda ya sha. Bisa girmamawa, Sarkin Majema ne zai fara.