Yadda Ake Zama Gwanin Injin Zarto a Al Wakrah Ba Tare da An Koya Ba

Kai da ka ce wa ejan kai kafinta ne don a buga maka biza, alhali ko rake sai an fere maka, matso kusa. Ka san in asirinka ya tonu, jirgin gida ne. To kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari duk Doha ba mai sake shakkar gwanintarka. Abdulbaqi, ɗan zangon Kumasi, ya bi su a wani shagon yin ƙofofi a Al Wakrah, kusa da Doha, kuma sun yi masa aiki.

1. Fara da fensir

Maƙala shi a kunne. Abdulbaqi har masallaci da shi yake zuwa. Ɗauki katako, rufe ido ɗaya, leƙa tsawonsa, ka ja tsaki. Tsaki rabin sana'a ne.

2. Raina injin

Foman zai nuna maka teburin nan mai faifan haƙora a tsakiya. Kada ka nuna tsoro. Faɗi abin da Abdulbaqi ya faɗa: "Wannan? A Kumasi yara muke bar wa irinsa." Da an kunna, sai fitsari ya matse ka. In ka dawo, kama ɗaukar katako da zafi-zafi, a ce himma ce.

3. Aika hoto gida

Barbaɗa garin katako a ka, dafa injin a kashe, ka tura wa matarka. Sanatu, matar Abdulbaqi, kafin la'asar ta gama zagaya zango da hoton. Shi ke nan, ƙofar faɗin gaskiya ta rufe.

4. Ɓoye tafin hannu

Nan gizo ke saƙar. Hannun mai zarto duk kanta ne, naka kuwa laushi kamar burodin safe. Sayi safar hannu mai kauri, kada ka cire ta ko da gumi na ɗiga daga ciki.

Ba a rasa dattijo mai shisshigi. Na shagonsu Abdulbaqi shi ne Rufa'i, tsohon mai zarto, shi ma ɗan Kumasi.

"Ɗana, cire safar nan. Ba a sa ta gaban faifai. In haƙori ya kama zare, da hannun yake tafiya."

"Baba, haka muke yi a gida."

"Wane gidan? Ni ma daga can nake." Sai tsohon ya rage murya. "In ba ka iya ba, gaya mini in koya maka. Ba mai ji."

Kul ka yarda! Wai matambayi ba ya ɓata. Ƙwarai, amma yana jin kunya, kai kuwa gwani ne.

5. Ranar da aka ce yalla

Za ta zo. Ta Abdulbaqi ta zo ranar da aka tura Rufa'i kafa ƙofa a unguwar Al Mirqab. Foman ya kunna injin, ya miƙo katako: "Yalla!" Wato maza, fara. Jama'a na kallo. Ko ya cire safa a ga hannun, ko ya bar ta. Tsoro ya cika shi, amma gogan naka ya zaɓi mutunci. Ya tura katakon, haƙori ya kama zare. Ko ƙarar injin ba ta canza ba.

6. Karɓi girmanka

Ya fito asibiti hannun dama saura yatsu uku. Foman ya ce khalas, wato shi ke nan, ya ba shi tsintsiya. Rufa'i har yau in ya dube shi sai ya sunkuyar da kai. Sanatu ta yi kuka a waya har muryarta ta dushe. Amma dubi riba! Ran Juma'a a kasuwar Souq Waqif, duk wanda ya gaisa da shi sai ya kalli hannun, ya girgiza kai, ya ce, "Masta, kun daɗe a kan zarto ke nan."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu bai san ka ba, bai san injinka ba, kuma kada matarka ta neme shi. Alkawarin da na yi shi ne za a yarda kai gwani ne. Ban ce da yatsu nawa za ka ci tuwo ba.