Rasuwar Baba Takwas a Hanyar Tsafe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu cike da baƙin mai, ni Tajuddeen Haliru na unguwar Damba, Gusau, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar injin motata mai silinda takwas, wanda aka fi sani da Baba Takwas. Ya rasu ranar Asabar, 14 ga Maris, 1998, da ƙarfe sha ɗaya da minti bakwai na safe, a gefen titin Gusau zuwa Tsafe, daura da dutsen Kwatarkwashi. Shekarunsa talatin da ɗaya.

An haifi marigayi a Amurka. Yadda ya zo ƙasar nan babu wanda ya rubuta. Ni dai a Bungudu na same shi, cikin wata doguwar mota da ta daina tafiya, kaji na kwanci a kujerarta ta baya. Jatau makaniki ya yi jinyarsa wata goma sha huɗu. Ya sa masa sababbin fistin, ya ƙara masa kafireto na biyu, sannan ya ɗora masa na'urar cusa iska da makanikai ke kira bulowa. Sai da aka huda murfin gaban motar kafin ta zauna. Jatau ya ƙiyasta ƙarfinsa a kan doki ɗari huɗu. Ba mu da abin aunawa, amma ba wanda ya musa.

Marigayi mai gaskiya ne, bai taɓa fita a ɓoye ba. In an tashe shi sai ya ce “gudum, gudum, gudum”, tagogin makwabta su amsa. In an taka shi, bulowa ta ɗauki “wiii” har kasuwa a ji. Shan mai ne kawai rauninsa.

Saboda mutum ɗaya aka raya shi: Dogo, direban tasi tsakanin Gusau da Tsafe, wanda ya shekara shida yana wuce ni a hanya yana kaɗa mini hankici. A watan jiya muka yi alkawari gaban shaidu a tasha. Za mu tashi tare daga Gusau, wanda ya isa Tsafe a baya zai wanke motar ɗaya da hannunsa, a tsakiyar tasha, da rana.

Ciwon ajali ya samo asali ne daga ƙarancin man da ake fama da shi. Gidajen mai a rufe suke, don haka muka je wurin 'yan bumburutu na bakin titi. Jatau ya yi gwajin da kowa ke yi: ya tsoma yatsa, ya ɗaga, ya bushe nan take, alamar fetur ne zalla. Jarka ɗaya muka gwada, huɗu muka saya. Ukun rabinsu kananzir ne.

Ranar gasa, tun kafin mu fita daga gari muka bar Dogo a baya. Bayan minti goma marigayi ya fara “ƙas, ƙas, ƙas”, kamar tsakuwa a gwangwani. Jatau, wanda ke zaune gefena, ya ce, “Malam, don Allah sassauta, wannan kukan ba na lafiya ba ne.” Na duba madubi, na hango tasin Dogo kamar ƙuda. Na ƙara takawa. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce “kwam”. Fistin ɗaya ya fito ta haƙarƙari.

Minti huɗu bayan haka Dogo ya iso, da fasinja tara da buhun gero. Ya tsaya, ya cire hula, ya leƙa gawar.

“Malam Tajuddeen, dawakin ga ɗari huɗu, ko guda bai yi saura ba?”

Ya shinshina tankin, ya kaɗa kai. “Ai wanga mai shi motata ka sha kullum. Naka injin ɗan gata na.”

Shi ya jawo mu da igiya har Tsafe. Shaidu sun tabbatar cewa motarsa ta riga tawa shiga tasha da tsawon igiyar.

Marigayi ya bar gangar mota, da giya, da taya huɗu, da fistin bakwai, da bulowa wadda ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ya kuma bar Jatau, da maiɗakina Wasila, wadda ta karɓi labarin da irin juriyar da har yanzu nake bincike a kanta.

Gawar tana garejin Jatau. Ana karɓar gaisuwa kullum bayan la'asar har zuwa Alhamis, ranar da maƙera za su zo su ɗauki abin da ya rage. Ba a yarda mai gaisuwa ya ce dama ya faɗa ba.

Wankin mota kuwa za a yi shi ranar Lahadi, 22 ga wata, da ƙarfe goma na safe, a tashar Tsafe. Dogo ya aiko cewa motarsa ba ta ga ruwa ba tun ranar alkawari, kuma a wannan makon ya bar fasinja ya koma jigilar awaki.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su taho da ruwa da sabulu. Masu zuwa kallo sun riga sun yi yawa.