Azurfar Surukina

Surukina, tsohon likita a Abbey Wood, ya ba ni kyautar wani dunƙulen azurfa, baƙi ƙirin, duk tambari a jiki. Na ce a raina, ko gogewa bai iya ba? Ni gwanin sanin kaya, sai na kai wa maƙeri a Peckham ya narkar, ya yi mini zobba.

Na je gaisuwa ina ta juya yatsu.

"Baba, na gyara azurfar nan."

Ya dubi zobban, ya ce, "A keken doki aka ɗauko ta daga mahaƙar Amurka, tun ba a haifi kakana ba. Tambarin shi ne dukiyar."

Har yau ƙannen matata suna hango ni sai su ce, "A ɓoye cokula, ga Yaya nan, kar ya narkar da su!"